Sai ka biya kafin ka wuce? Tambayoyi da amsoshi kan 'yan kuɗaɗen da gem ke tatsar mutane

Jama'a waɗannan tambayoyin kusan kullum sai sun taso in 'yan gem sun haɗu, wasu da fushi suke yi wasu kuma da gaske so suke su gane, shi ne na tattara su waje ɗaya. Tun yanzu in faɗa, ni ba na cikin masu cewa komai sai an ba mu kyauta, wanda ya yi aiki ya ci guminsa. Rigimata da wani abu daban ce kuma za ku gan ta a ƙasa.

Wai ma menene ake ta ƙorafi a kai ne?

'Yan ƙananan saye-sayen da ake yi a cikin gem bayan ka riga ka sauke shi ko ka saye shi. UC a PUBG Mobile, dayamon a Free Fire, CP a Call of Duty Mobile, koyin a eFootball, V-Bucks a Fortnite, duk su ne. Wani riga kake saya wa ɗan wasanka, wani fentin bindiga, wani akwatin sa'a ne da ba ka san me ke ciki ba sai ka buɗe, wani kuma lokaci kake saya wato a tsallakar da kai jiran da aka ɗora maka. Ba duka suke ɗaya ba, kuma in aka cakuɗa su hirar ba ta zuwa ko'ina. Rigar kwalliya ba ta kashe kowa a fili. Amma abin da zai sa wanda ya biya ya fi ka ƙarfi, ko ya sa wanda bai biya ba ya yi ta wahalar da ba ta da dalili, nan ne ran mutane yake ɓaci.

Toh ai kyauta na sauke gem ɗin, ba sai su ci abinci ba su ma?

Su ci mana. Gem kamar Free Fire ko PUBG Mobile akwai saba da ake biya wa kuɗi dare da rana, akwai masu zane, masu gyaran matsala, masu korar 'yan cuta, kuma Apple da Google sun daɗe suna yankar har kashi 30 cikin 100 na abin da aka saya ta shagonsu. Da ace sai ka biya dala 60 kafin ka shiga, mu nawa ne a nan za mu taɓa buga su? Wannan tsarin na kyauta shi ya sa yaro mai ƙaramar Android yake shiga fili ɗaya da ɗan Koriya ko ɗan Brazil, ba zan yi butulci a kan wannan ba.

Inda maganar ta lalace shi ne lokacin da gem na kuɗi, wanda ka biya dala 60 ko 70 ka saya, shi ma ya buɗe shago a ciki yana yi maka irin abin da na kyauta ke yi. Wannan kam ba neman abinci ba ne, an ci an ƙoshi ana neman ƙari a kwanon wani.

Daga ina abin ya faro?

Yawanci 'yan gem suna nuna shekarar 2006, lokacin da kamfanin Bethesda ya fitar da sulken doki na gem ɗin Oblivion a kan dala 2.50. Sulken doki fa. Duniya ta yi ta dariya ana cewa wa zai ba da kuɗi a kan wannan shirmen, amma mutane suka saya, kamfanoni kuma suka lura. A 2009 EA ta shigo da Ultimate Team cikin FIFA 09, inda kake sayen fak na katunan 'yan ƙwallo ba tare da sanin wa zai fito ba. A Koriya da Japan da China kuwa tun kafin nan gem na kyauta masu shago a ciki sun zauna da gindinsu. Sai wayar hannu ta zo ta ƙarasa aikin, 2012 Candy Crush Saga da Clash of Clans suka fito, kowa ya ga irin kuɗin da ake kwasa daga rai biyar da ke ƙarewa da gini da ke ɗaukar kwanaki.

Yau sikin ɗaya, wato rigar kwalliyar ɗan wasa ko fentin bindiga, a wasu gem ɗin ya kai dala 20 ba wanda zai ɗaga kai. Wancan dokin na dala biyu da rabi ya zama abin tausayi.

Menene gajeriyar hanya ta kuɗi, kuma me ya sa ta fi komai baƙanta wa mutane rai?

Yauwa, nan nake so mu zauna.

Wanda ya yi zamanin gidan gem da PS2 ya san GTA San Andreas, ya san takardar kod da ake kwafa da biro ana yawo da ita a aljihu har ta yage. Ka danna maɓallai a jere lafiyarka ta cika, kuɗi su shigo, tankar yaƙi ta faɗo daga sama. A kwamfuta ka rubuta HESOYAM ka samu lafiya da sulke da dala 250,000. Ba sisi. Masu gem ɗin ne suka saka don wanda ya gaji ko yake son ya yi ɓarna kawai ya ji daɗi. Da GTA Online ya zo a 2013 kuɗin cikin gem sai ya koma Shark Card, da katin banki ake saya. Abu ɗaya ne fa, jiya kyauta yau da farashi.

Amma ba ma nan matsalar take ba. Matsalar ita ce wanda yake sayar maka da gajeriyar hanyar shi ne ya shata doguwar. Shi ya yanke makin da za ka samu in ka ci wasa, shi ya yanke lebul ɗin da sai ka kai kafin labari ya ci gaba, shi ya sa gini ya ɗauki sati maimakon awa. Kamar mutum ne ya haƙa rami a tsakiyar titi da daddare, da safe ya zo ya kafa katako yana karɓar kuɗin tsallakewa, in ka yi magana ya ce ai ba dole ba ne, ga zagaye can. Muddin akwai kuɗi a cikin gajiyarka, toh kamfani yana da dalilin da zai gajiyar da kai, ko ya yi ko bai yi ba zargin ya riga ya shiga, kuma daga ranar duk inda ka maƙale a gem ba za ka ƙara sanin ko wahalar ta gaske ce da aka tsara don daɗin wasa ko kuwa turo ka ake yi zuwa shago ba. Wannan shakkar ita ke kashe daɗin.

Misalai suna nan. Assassin's Creed Odyssey na Ubisoft, 2018, gem ne na cikakken farashi amma a shagonsa akwai abin da zai ƙara maka kashi 50 cikin 100 na makin ƙwarewa har abada a kan dala 9.99, kuma mutane da yawa sun yi kukan cewa in ba ka saya ba sai ka yi ta 'yan aike-aiken gefe kafin a bar ka ka ci gaba da labari. A Valhalla da ya biyo baya a 2020 ba a saka irinsa ranar fitowa ba, sai bayan kamar wata guda, lokacin masu sharhi sun gama ba da maki sun tafi. Middle-earth: Shadow of War na 2017 ƙarshensa dogon jan ƙafa ne na kare ganuwa bayan ganuwa, ga akwatunan mayaƙa ana sayarwa, da suka cire shagon gaba ɗaya a Yulin 2018 sai da suka gyara ƙarshen suka rage masa tsawo. Ka ga ke nan tsawon da shagon tare suke tafe. Gran Turismo 7 a Maris 2022 aka yi afdet aka rage kuɗin da ake samu a wasu tsere, alhali akwai motoci masu tsadar gaske kuma ana sayar da kuɗin gem ɗin da kuɗin gaske, ga saba ta ɗauke sama da awa 30, sai da suka ba da haƙuri suka raba wa kowa kiredit miliyan ɗaya.

Dragon's Dogma 2 na Capcom a Maris 2024 shi nasa da ɗan bambanci, adalci a faɗa. An taƙaita tafiyar gaggawa da gangan don mutum ya taka ƙasa ya ga duniya, sai ga shi ranar fitowa ana sayar da dutsen da ke taimaka wa tafiyar gaggawar a kan dala 2.99, a gem na dala 70. Gaskiya kayan ana samun su a cikin wasa ba sai ka saya ba, amma mutane suka yi masa ruwan mummunan sharhi a Steam, shagon gem na kwamfuta, don ba za ka ce min tafiyar ƙafa ita ce daɗin ba sannan ka miƙo min tikitin mota.

Amma ai ba wanda ya sa maka wuƙa a wuya, kar ka saya mana

Wannan ita ce amsar da na fi ji, kuma rabinta gaskiya ce. In kwalliya ce zalla, eh, kau da kai ka wuce. Amma a gem ɗin ƙwallo na onlayin ka haɗu da wanda ya zuba kuɗi ya tara tsofaffin gwanaye a gaba da baya, kai kana fama da 'yan wasan da ka tara da gumi, rashin sayen naka bai cire ka daga tsarin ba, kai ne ma abin da shi ya biya don ya taka. Mai biya yana buƙatar wanda zai ci, in babu talakawa a fili sayen nasa ba shi da amfani.

Sannan kau da kan ma ba a barin ka ka yi cikin sauƙi. Buɗe irin waɗannan gem ɗin na waya ka ƙirga tagogi nawa za ka rufe kafin ka ga maɓallin fara wasa. Tayin yau, tayin sabon shiga, ragin kashi 80 da agogo ja yana ƙirga saura awa biyu, ɗan jan ɗigo a kan alamar shago da ba ya tafiya sai ka shiga ka duba, alamar rufewa 'yar mitsitsiya a lungu ta yadda babban yatsa zai zame ya danna saya. Kuma lura da lokacin da tayin ke zuwa, daidai sanda ka faɗi saura motsi ɗaya ka ci lebul, zuciya na tafasa. Akwai mutanen da aikinsu ke nan, auna wane launi da wane lokaci ya fi sa hannu ya tafi aljihu. Har takardar mallakar fasaha Activision ta samu a 2017 a kan tsarin haɗa sabon ɗan wasa da gwani mai kayan kuɗi don ya yi sha'awar saya, kamfanin ya ce bincike ne kawai ba su saka shi a wani gem ba, toh amma dai an zauna an yi tunanin.

Me ya sa ba sa rubuta farashi da kuɗin gaske, sai dayamon da koyin da su UC?

Don ka manta kuɗi kake kashewa. In aka ce riga dala 15 za ka tsaya ka buga lissafi da canjin yau ka ce a'a wannan ai kuɗin cefane ne. In aka ce 1,500 na wasu shuɗayen kwabbai ba ya zafi.

Na biyu kuma lissafin ba ya taɓa faɗawa daidai. Fortnite ta yi shekaru da dama tana sayar da V-Bucks a dunƙulen 1,000 da 2,800 da 5,000 da 13,500, su kuma riguna 800 ne, 1,200, 1,500, 2,000. Ka sayi dubu ka ɗauki ta ɗari takwas, saura ɗari biyu da ba za su saya maka wata riga ba, suna nan suna kallon ka kullum har ka ce bari in ƙara kada su tafi a banza. Ƙungiyar kare masu sayayya ta Turai, BEUC, ta kai ƙara kan wannan salon a Satumban 2024, ta ambaci kamfanoni irin su EA da Epic da Roblox da Supercell da Ubisoft.

Mu a Najeriya abin ya fi mana ciwo don asalin farashin da dala aka yanka shi. Tun da aka saki naira a Yunin 2023 kayan da bai canza ba ko kaɗan ya ninka a aljihunmu, ga shekarun da bankuna suka taƙaita ko suka rufe sayayyar waje da katin naira, shi ya tura yara da yawa hannun 'yan tsakiya. Zan dawo kan wannan.

Akwatin sa'a caca ne ko ba caca ba ne?

Ka ba da kuɗi, ba ka san me za ka samu ba, yawanci tarkace ne, jefi-jefi babban abu, kuma da an buɗe ana walƙiya da kiɗa kana jin saura kaɗan. Kai ka faɗa min sunansa. Hujjar kamfanoni ita ce ai kullum kana samun wani abu ko da ƙarami ne, kuma ba za ka iya mayar da shi kuɗi a hukumance ba. A 2019 wata babbar jami'ar EA ta zauna gaban kwamitin majalisar Birtaniya ta ce su ba sa kiransa akwatin sa'a, abin ba-zata suke ce masa, har ta kwatanta shi da ƙwan cakulan na yara mai ɗan abin wasa a ciki. An yi ta yi mata dariya.

Ƙasashe sun rabu. Beljiyam a Afrilun 2018 hukumar caca ta ce caca ne, EA ta ja ta ja amma a Janairun 2019 ta daina sayar da FIFA Points a can. Holan ta ci EA tara da za ta iya kai yuro miliyan 10, sai babbar kotu ta soke a Maris 2022. Japan tun 2012 ta hana wani nau'in da sai ka haɗa jerin kaya na sa'a kafin a ba ka babban. China daga 2017 ta wajabta a bayyana yiwuwar samun kowane kaya, Apple ma ya sa wannan sharaɗi a ƙarshen 2017, Google a 2019. Ostireliya daga Satumban 2024 ta ɗaga shekarun da ake yi wa irin waɗannan gem laƙabi da su.

Kuma je ka duba lambobin da aka tilasta musu bayyanawa. A Genshin Impact yiwuwar samun ɗan wasa mai tauraro biyar a ja ɗaya kashi 0.6 ne cikin 100, sai ka kai ja 90 ake ba ka tabbas. Ko lambobin ma ba kullum ake riƙe amana ba, a Janairun 2024 hukumar Koriya ta Kudu ta ci Nexon tarar won biliyan 11.6 saboda sun rage yiwuwar samun wasu kaya a MapleStory a ɓoye ba su gaya wa kowa ba.

A addinance fa?

Fatawa ta malamai ce, a kai musu tambayar, amma a kai ta da cikakken bayani don amsa tana bin yadda aka yi tambaya. Kar ka je ka ce malam ya halatta in sayi riga a gem, alhali abin da kake yi juya sifin ne na gwada sa'a. Bambancin a fili yake, sayen abu sananne a farashi sananne daban, ba da kuɗi a kan abin da ba ka san me zai fito ba daban. Haramcin caca yana cikin Suratul Ma'ida aya ta 90, hanin cinikin garari kuma ya zo a hadisi cikin Sahihu Muslim, sannan ga maganar almubazzaranci da ta shafi har wanda ba na sa'a ba in ya wuce kima. Gaya wa malamin yadda akwatin ke aiki dalla-dalla, har da kason da suka rubuta.

'Yan gem sun taɓa yin nasara a wannan faɗan kuwa, ko surutu ne kawai?

Sun taɓa, kuma babba. Star Wars Battlefront II, Nuwamban 2017. Gem na cikakken farashi amma Darth Vader da Luke Skywalker a kulle, wani ya yi lissafi ya ga sai ka buga kusan awa 40 kafin ka buɗe ɗaya, ga akwatunan da ke ƙara ƙarfi a fili ana sayarwa. EA ta zo Reddit ta ba da amsa cewa wai so suke mutum ya ji alfahari da jin ya cimma wani abu in ya buɗe. Wannan amsar ta sha ƙuri'ar ƙi sama da 660,000, har ta shiga kundin Guinness. Suka rage farashin jaruman da kashi 75, bai isa ba, ana saura awoyi gem ya fito suka kashe sayayyar gaba ɗaya, da ta dawo a 2018 kwalliya ce kawai. Wannan rigimar ce ma ta ja hankalin Beljiyam.

Amma kar mu ruɗi kanmu. Diablo Immortal ya fito a Yunin 2022, wasu suka lissafa cewa kai ɗan wasa ƙololuwa da kuɗi zai iya cin sama da dala 100,000, aka zage shi tas a ko'ina, kuma duk da haka ya tara sama da dala miliyan 100 cikin wata biyu. Masu ihu daban masu biya daban.

Su wa ke biyan ne tunda kowa cewa yake ba ya saya?

Mafi yawan masu buga gem na kyauta ba sa kashe komai ko kuma ɗan kaɗan, 'yan tsiraru ne ke ɗauke da kasuwar, waɗanda masana'antar ke kira manyan kifaye. Wasunsu masu hali ne ba abin da ya dame su. Wasu kuwa ba su da shi, jaraba ce ta kama su kamar yadda take kama ɗan caca, kuma tsarin bai damu ya bambance ba. Don ka ga girman abin, Ultimate Team kaɗai ya kawo wa EA kusan dala biliyan 1.62 a shekarar kuɗinsu ta 2021. Activision ta sayi King mai Candy Crush a kan dala biliyan 5.9 a 2016. Wanda ke samun wannan ba zai daina don an zage shi a intanet ba.

Royale Pass da Battle Pass fa, ai su da sauƙi ko?

Tikitin kaka ne da kake saya ka riƙa buɗe kyaututtuka in kana wasa. Sun fi akwatin sa'a mutunci, ka san me za ka samu ka san nawa ne. Dota 2 ya fara irinsa a 2013, Fortnite ta yaɗa shi daga ƙarshen 2017. Sai dai ka biya ne sannan a ba ka aiki, in ba ka shiga kullum ka gama ayyukan sati ba kakar ta ƙare kayan da ka biya wa su tafi. Na san wanda ke tashi da asuba bayan sallah ido a kumbure yana cika mishan ba don yana jin daɗi ba, don kar kuɗinsa su faɗi. In ka ga kana buga gem kamar mai zuwa aikin gwamnati toh fas ɗin ne ke buga ka.

Yaro ya ɗauki wayata ya kwashe min kuɗi a gem, ya zan yi?

Da farko yi sauri. A Google Play shiga tarihin sayayya ka nemi a mayar, cikin awa 48 ya fi sauƙi, bayan nan sai ka bi ta wajen masu gem ɗin. A iPhone akwai shafin kai ƙorafi na Apple. Ba tabbas za a dawo maka da su ba amma ana dacewa. Ka yi hattara da zuwa banki a janyo kuɗin da ƙarfi, kamfanoni da yawa kulle akawun suke yi in aka yi haka.

Sannan ka toshe ƙofar, sa a riƙa neman fasawod ko zanen yatsa a kowace sayayya, cire katin daga wayar da yara ke riƙewa, in wayar yaron ce yi amfani da tsarin kulawar iyaye, Family Link a Android ko Screen Time a iPhone. Kuma dan Allah kafin a ɗauko bulala a tuna manya ne masu digiri suka tsara maɓallin don ya ruɗi babba ma balle ɗan shekara tara. Hukumar kasuwanci ta Amurka, FTC, ta sa Apple ya mayar da aƙalla dala miliyan 32.5 a 2014 kan sayayyar yara, Google miliyan 19 a shekarar. A Disamban 2022 Epic mai Fortnite ta amince ta biya dala miliyan 520, miliyan 245 daga ciki na mayar wa mutanen da aka ruɗa suka sayi abin da ba su yi niyya ba ne. A Janairun 2025 masu Genshin Impact suka biya miliyan 20 tare da sharaɗin ba za su sayar wa 'yan ƙasa da shekara 16 akwatin sa'a ba sai da yardar iyaye.

Abin da na saya ai nawa ne ko?

A'a ɗan uwa. Izinin amfani ka saya, haka yake a doguwar yarjejeniyar nan da muke danna na yarda ba mu karanta ba. In aka yi banin ɗinka ko aka kashe saba komai ya tafi. Ubisoft ta rufe The Crew a ƙarshen Maris 2024, gem ɗin da mutane suka saya da kuɗinsu ya daina buɗuwa kwata-kwata, daga nan yunƙurin Stop Killing Games, na neman a daina kashe gem ɗin da mutane suka saya, ya taso.

Akwai gem da ba ruwansu da wannan?

Akwai. Elden Ring na 2022, Baldur's Gate 3 na 2023, Hades, Stardew Valley wanda har a waya akwai shi, biya ɗaya shikenan ba shago a ciki, kuma sun sayu sosai. In za ka sauke sabon gem duba ƙarƙashin sunansa a shagon waya, ana rubuta ko akwai sayayya a ciki, ka karanta sharhin masu tauraro biyu da uku don su suka fi faɗin gaskiya. In da hali ka bari ya yi wata ɗaya ko biyu a kasuwa tukunna, ka ga abin da Valhalla ya yi.

Masu tallan UC da dayamon mai araha a WhatsApp da Telegram fa, ko mod, wato gem ɗin da aka yi wa kutse, mai kuɗi ba iyaka?

Akwai dillalai na gaskiya, Midasbuy misali shi ne na hukuma ga PUBG Mobile, kuma lambar ID ɗinka kawai ake buƙata. Duk wanda ya ce turo imel da fasawod ko kod ɗin da aka aiko maka a waya, akawun ɗin yake so, kuma in da Facebook ka haɗa gem ɗin har shi zai tafi da shi. Wanda farashinsa ya yi ƙasa da hankali kuwa sau da yawa da katin sata ake saye, ranar da mai katin ya kai ƙara sai a zare kayan daga akawun ɗinka ko a kulle shi, shi dillalin ya riga ya canza lamba. Shafukan da ke cewa saka ID a ba ka dayamon kyauta duk ƙarya ne, dayamon a sabar kamfani yake zaune ba a wayarka ba, ba wani shafi da zai ƙirƙiro shi. Mod kuma a gem na onlayin ban ne ke jiranka, wani ma har da ƙwayar cutar da za ta bi ta kan manhajar bankinka, a wayar da kake karɓar alat da ita.